Asalin Kiɗan Jaz da Rayuwar Louis Armstrong



An nemi in yi magana a kan kiɗan nan na baƙaƙen fatar Amurka da ake kira jaz, da kuma mutumin da sunansa ya fi na kowa fita a cikinsa, watau Louis Armstrong. Na san akwai waɗanda za su ce, ina ruwan ɗalibin jami'a da tarihin mai busa? A wajenmu makaɗi ana jin daɗinsa, ana yi masa kyauta, amma ba safai ake ɗaukar aikinsa a matsayin aikin tunani ba. Akwai kuma waɗanda suka karanta tarihin gwagwarmayar baƙar fata, waɗanda in aka ambaci Armstrong ba abin da ke faɗo musu a rai sai hoton wani mutum yana wangale baki a gaban Turawa, yana share gumi da farin hankici. Da waɗannan na biyun nake son yin muhawara yau. Amma ba za a iya auna mutumin ba sai an san garin da aka haife shi, da irin kiɗan da ya tarar ana yi a cikinsa.

Garin shi ne Niyu Olins, a jihar Luwiziyana, kusa da inda kogin Misisifi ke zuba cikin teku. Faransawa ne suka kafa shi a 1718, ya koma hannun Sifaniyawa, sa'an nan Amurka ta saye shi daga Faransa a 1803 tare da ƙasa mai faɗin gaske. Tashar jiragen ruwa ce, kuma babbar kasuwar bayi. Bayin farko da yawansu daga yankin Senegal da Gambiya aka kwaso su, daga baya aka riƙa kawo na Kongo da na gaɓar Benin. A 1809 kuma sai ga wajen mutum 10,000, farare da baƙaƙe, 'ya'ya da bayi, waɗanda juyin juya halin Haiti ya kora, sun sauka a garin ta hanyar Kyuba, kowa da irin kiɗansa da rawarsa. A wurare da yawa na kudancin Amurka an hana bawa taɓa ganga, don iyayengiji na tsoron kada a aika da saƙon tawaye da ita. A Niyu Olins kuwa, wata doka ta 1817 ta keɓe wa bayi fili guda, wanda aka sani da Dandalin Kongo, inda suke taruwa ran Lahadi su ci kasuwa, su yi kiɗa da rawa irin ta gida.

Sau da yawa marubuta sukan ja layi miƙaƙƙe daga wannan dandali zuwa jaz, kamar dai an tashi daga rawar Lahadi aka shiga ɗakin ɗaukar faifai. Abin bai kai haka sauƙi ba, domin taron dandalin ya mutu shekaru da dama kafin a ji ɗuriyar jaz. Abin da ya tsira shi ne ɗabi'un kiɗan, waɗanda suka ɓuya a cikin waƙoƙin aikin gona da na coci: jagora ya ba da waƙa jama'a su amsa, kamar yadda muka sani a waƙar daɓe ko a gayya, a ɗora kiɗa a kan kiɗa, kowanne da tafiyarsa, amma su haɗu, a lanƙwasa murya ta faɗa tsakanin sautukan da Bature ya ƙayyade a takarda. Daga nan ne aka sami waƙar baƙin ciki da ake kira bulus, wadda mutum ɗaya ke kukan talaucinsa ko rabuwarsa da masoyi a cikin baiti mai layi uku.

Kayan busan kuwa na Turawa ne, na badujalar soja. Niyu Olins gari ne mai son fareti. Baƙaƙen fata, da yake kamfanonin inshora ba su kula su, sai suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna, kowa na zuba ɗan abin da ya samu don ranar ciwo da ranar mutuwa. In ɗan ƙungiya ya rasu, 'yan badujala ne ke raka gawarsa maƙabarta da waƙoƙin coci a hankali, in an binne an juyo sai su saki kiɗa mai zafi, jama'a na biye suna rawa. Ga kuma wani kiɗan fiyano mai tsalle-tsalle da ake kira ragtaim, wanda Scott Joplin ya yi fice da shi tun 1899.

Saura abu guda, kuma wariyar launin fata ce ta kawo shi. A garin akwai barbarar yanyawa masu jinin Faransawa da na Afirka, da ake kira Kiriyol. Suna da ilmi da sana'o'i, 'ya'yansu sun koyi karanta kiɗa a rubuce, kuma suna ganin sun fi baƙaƙen unguwannin talakawa. Ɗaya daga cikinsu, Homer Plessy, ya shiga taragon Turawa a jirgin ƙasa da gangan a 1892 don ya gwada dokar wariya. A 1896 kotun ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci cewa wariyar halal ce. Dokokin wancan zamani suka tura Kiriyol cikin sahun da suke gudu. Mai karanta takarda ya zauna a benci ɗaya da mai busa da kunne, wannan ya koyi tsari, wancan ya koyi zafi. Wajen shekarar 1900 wani mai busa, Buddy Bolden, ya shahara da sabon salon. An kai shi asibitin masu taɓin hankali a 1907, ya mutu can a 1931, kuma babu faifansa ko ɗaya da ya iso gare mu. Faifan jaz na farko da ya shiga kasuwa, a 1917, wasu Turawa biyar 'yan Niyu Olins ne suka yi shi a Niyu Yok. Ku riƙe wannan, don ya nuna wanda ke da ƙofar shiga kasuwa tun daga ranar farko.

A cikin wannan gari aka haifi Louis Armstrong ran 4 ga Agusta 1901. Shi kansa har ya mutu yana cewa ran 4 ga Yuli 1900 aka haife shi, sai bayan rasuwarsa aka gano takardar coci da ta nuna ranar gaskiya. Unguwarsu saboda yawan faɗa da wuƙa ana kiranta Fagen Fama. Ubansa ya gudu ya bar su tun yana jariri, kakarsa ce ta fara renonsa, uwarsa Mayann tana aikatau a gidajen Turawa. Tun yana ƙarami ya shiga neman abinci: tallar jarida, waƙa a bakin titi tare da wasu yara don a jefa musu kwabo, da aiki a wurin wasu Yahudawa baƙi daga Lituweniya, iyalin Karnofsky, masu sayen gwangwani da tsumma a keken doki. Yana zaune a kan keken yana busa wani ƙahon gwangwani don kiran masu ciniki. Ya rubuta da hannunsa cewa su ne suka ba shi rancen da ya sayi ƙahonsa na farko, kuma ya riƙa rataya tauraron Yahudawa a wuyansa har ƙarshen ransa.

Daren shiga shekarar 1913, yana da shekara 11, ya ɗauki bindigar wani mutum da ke zaune da uwarsa ya harba sama a titi don murna. 'Yan sanda suka kama shi, alƙali ya tura shi gidan horon yara baƙaƙe. Gidan na da badujala, kuma malamin kiɗa, Peter Davis, da farko bai yarda da yaron ba saboda unguwar da ya fito. Sannu a hankali ya ba shi begilar da ake tashin yara da ita, daga baya ya ba shi konet, watau ƙanen turamfet, wanda ya fi shi gajarta da taushin murya. Da ya fito a 1914 sai ya riƙa tallar gawayi da keken alfadari da rana, da dare yana busa a gidajen giya. Babban mai busa na garin, Joe Oliver, wanda ake wa laƙabi da Sarki, ya ja shi a jiki kamar ɗa. Daga 1919 ya yi aiki a jiragen shaƙatawa na kogin Misisifi ƙarƙashin Fate Marable, a nan ne ya ƙware da karanta kiɗa a takarda. Masu cewa baiwa ce kawai Allah ya ba shi ba tare da wahalar koyo ba, su duba waɗannan shekaru.

A lokacin baƙaƙen fata na ta ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa, suna gudun kisan gilla da talauci, kiɗan kuma ya bi su. Oliver ya koma Shikago, a 1922 ya aika wa yaronsa waya ya zo. A 1923 suka ɗauki faifansu na farko. A wancan zamani babu makirufo, makaɗa na taruwa ne a gaban wani babban mazurari su busa a ciki, allura na zana sautin a kan kakin zuma. Lil Hardin, mai kaɗa musu fiyano, ta ba da labari cewa sai da aka tsayar da Armstrong can baya, don ƙarfin busarsa na danne ta maigidansa. Ita ce ya aura a 1924, mace mai ilmi da hangen nesa, kuma ita ce ta matsa masa ya bar inuwar Oliver. Ya tafi Niyu Yok ya yi shekara guda a babbar ƙungiyar Fletcher Henderson, ya raka Bessie Smith a faifai, sa'an nan ya komo Shikago.

To, a nan nake so mu ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar maganar. Jaz ɗin da Armstrong ya tarar kiɗan taro ne. Konet na riƙe da jigon waƙa, kilarinet, wata baƙar sarewa, tana zagaye shi daga sama, turombon, babban ƙahon nan da ake ja ana turawa, yana cike giɓi daga ƙasa, duka a lokaci guda, kamar zaren saƙa. Da wuya mutum ɗaya ya fito fili, in ma ya fito ɗan taƙi ne. Daga watan Nuwamba 1925 zuwa 1928 Armstrong ya ɗauki jerin faya-fayai da ƙananan ƙungiyoyi da aka sa wa suna Hot Five da Hot Seven, a cikinsu ya juya al'amarin. Sauran makaɗa suka zama shimfiɗa, mutum ɗaya ya miƙe a kai ya ƙaga sabuwar waƙa nan take, wadda ba a rubuta ba, amma tana da mafari da tsakiya da ƙarshe kamar an kwana ana tsara ta. Wanda ya san yadda marigayi Alhaji Mamman Shata kan ƙaga baiti a tsaye, kalangai da 'yan amshi na riƙe masa da gindin waƙa, ya fahimci rabin abin. Sauran rabin shi ne, Armstrong da ƙarfe yake yin nasa, kuma dole kowane sauti da ya zaɓa ya dace da jerin sautukan da fiyano ke canzawa a ƙarƙashinsa.

Abu na biyu shi ne yadda yake wasa da lokaci. Kiɗa na tafiya daidai kamar agogo, shi kuwa sai ya ɗan jinkirta, ya bari kamar an wuce shi, sa'an nan ya cim musu a daidai gaɓar da ba a zata ba. Wannan rangajin shi ne abin da duk makaɗan jaz suka koya daga gare shi, har aka sa wa zamanin da ya biyo baya sunan salon. Na uku muryarsa ce, gurzajjiya kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. A faifan Heebie Jeebies na 1926 ya rera wani sashe ba da kalmomi ba, da sautukan baki kawai, kamar yana busa da maƙogwaro. Ba shi ya fara yin haka ba, amma shi ya sa duniya ta ɗauka. Yana waƙa kamar busa, yana busa kamar magana, kuma mu da muka saba da kalangu mai faɗin sunan mutum ba mu bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Billie Holiday da Bing Crosby, baƙa da fari, duk sun faɗa cewa daga gare shi suka koyi sarrafa waƙa.

Faifan da na fi so ku sani shi ne West End Blues na watan Yuni 1928, wanda a lokacin ya riga ya koma busa turamfet. Waƙar ta Oliver ce. Armstrong ya buɗe ta shi kaɗai, ba ganga ba fiyano, da wata busa ta 'yan daƙiƙoƙi wadda ta gangaro, ta haura can ƙololuwa, ta sake sulalowa tana sauya gudu, har yau ɗaliban busa na fama da ita. Daga nan komai ya lafa. Kilarinet na faɗa a hankali, shi yana amsa mata da murya ba kalma, Earl Hines ya shigo da fiyano, a ƙarshe Armstrong ya kama sauti guda mai tsawo ya riƙe shi har sai mai sauraro ya ƙagu, kana ya sake shi ya zubo. Yana da shekara 26 ya yi wannan, mutumin da bai gama firamare ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai na daɗe a kai ba: waƙoƙin zamani, rediyo, silima, tafiya Ingila a 1932, laƙabin Satchmo saboda faɗin bakinsa, da leɓen da ya sha tsagewa don tsananin busa. Daga 1935 wani Bature mai alaƙa da 'yan dabar Shikago, Joe Glaser, ya zama manajansa har rasuwar Glaser ɗin. A 1947 ya koma ƙaramar ƙungiya, yana wasa kusan kowane dare.

Yanzu ga tuhumar. Bayan yaƙin duniya na biyu samari irin su Dizzy Gillespie da Miles Davis suka fito da sabon jaz mai wuya, suna so a ɗauke su a matsayin masu fasaha. A idonsu murmushin Armstrong da zare idonsa ragowar zamanin da baƙar fata ke wasan wawa ne don Bature ya yi dariya. A 1949, shekarar da mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta, ya karɓi sarautar wata ƙungiyar bikin garinsu, ya shafa baƙin fenti a fuska bisa al'adar ƙungiyar, abin ya ɓata wa baƙaƙen arewa rai ƙwarai. Tuhumar ba ta rasa tushe ba, wasu fitowar da ya yi a silima da wuya a kalle su yau ba a ji kunya ba. Amma a tuna a inda ya koyi sana'ar. Yaron da ya tashi a kudu a farkon ƙarnin, inda ɗaga ido ga Bature kan iya jawo igiya a wuya, dariya garkuwarsa ce, kuma ita ce hanyar wasan da ya gada daga masu nishaɗantar da baƙaƙe 'yan'uwansa, waɗanda su ne masu sauraronsa na farko. Gillespie daga baya ya janye maganarsa, Davis kuma bai taɓa musun cewa duk mai busa a jaz bashin Armstrong ke kansa ba.

Sa'an nan a dubi 1957. A watan Satumba gwamnan jihar Akansas, Orval Faubus, ya sa dakaru suka hana yara baƙaƙe tara shiga makarantar sakandare a Little Rock. Armstrong na wani ƙaramin gari a jihar Dakota ta Arewa sa'ad da wani matashin ɗan jarida ya tambaye shi. Ya ce Shugaba Eisenhower mai fuska biyu ne kuma ba shi da zuciya, ya zagi gwamnan, ya ce ya fasa tafiyar da ake shirya masa zuwa Tarayyar Sobiyet da sunan gwamnati. Da aka kawo masa labarin a rubuce ya karanta ya sa hannu. Wani jami'in tafiyarsa ya yi ƙoƙarin ba da haƙuri a madadinsa, ya ƙaryata shi. Wasu gidajen rediyo suka daina sa faya-fayansa, kuma kaɗan ne cikin manyan mawaƙa suka fito suka goya masa baya. Kusan shekara goma ya ƙi yin wasa a Niyu Olins, har 1965, saboda dokar jihar ta hana baƙi da fari hawa dandamali ɗaya, alhali ƙungiyarsa gauraye take.

Afirka ta san shi ido da ido. A watan Mayu 1956 ya sauka Akara, Gana ba ta sami 'yanci ba tukuna, mai busa E. T. Mensah na cikin masu tarbarsa, ya kuma rera Black and Blue, waƙar da ke kukan wulaƙancin launin fata, a gaban Kwame Nkrumah. A wannan shekara ya aika da turamfet ɗinsa Afirka ta Kudu ta hannun Fada Trevor Huddleston, ya faɗa hannun wani yaro mai suna Hugh Masekela. A watan Oktoba 1960, 'yan makonni bayan 'yancin Nijeriya, ya zo ƙasar nan, akwai ma hotonsa a Kaduna yana raha da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello.

Wannan tafiya ta 1960 ita ce, a ganina, inda masu tuhuma suka fi ƙarfin hujja, ko da yake ba nan suka saba kafa ta ba. Kamfanin Pepsi-Cola ne ya ɗauki nauyin sashen Gana da Nijeriya, sauran kuwa ma'aikatar harkokin wajen Amurka ce, wadda ke aika makaɗan jaz ƙasashe don wanke sunan ƙasar a lokacin yaƙin cacar baka. Ya isa babban birnin Kongo aka ɗauke shi a kan karaga, alhali Patrice Lumumba na tsare a gidansa. An kashe Lumumba a Janairu 1961, kuma binciken majalisar dattawan Amurka na 1975 ya tabbatar cewa hukumar leƙen asirin ƙasar ta ƙulla makircin halaka shi da guba. Gwamnatin da ke hana jikokin Afirka zaɓe a Misisifi ita ce ta turo ƙahon jikan bayi ya yi mata kwalliya a Afirka. An yi amfani da shi, wannan ba shakka. Shi kuwa abin da ya sani shi ne taron mutane da ke gabansa, kuma su ya yi wa busa.

A watan Mayu 1964, yana da shekara 62, waƙarsa Hello, Dolly! ta ture 'yan Beatles daga saman jerin faya-fayan Amurka. What a Wonderful World ta 1967, wadda yawancin mutane suka san shi da ita, ba ta yi kasuwa a Amurka ba sai bayan rasuwarsa, kuma babu busarsa a cikinta ko kaɗan. Wanda ya tsaya a kanta bai ji Armstrong ba tukuna. Duk da dukiyar da ya samu, bai bar ɗan madaidaicin gidan da matarsa Lucille ta saya a 1943 a unguwar ma'aikata ta Corona a Niyu Yok ba. A farkon 1971 likita ya hana shi wasa, ya ƙi ji, ya yi mako biyu yana busa a wani babban otal, daga nan aka kwantar da shi. Ya rasu cikin barci a gidansa ran 6 ga Yuli 1971. Gidan ya zama gidan tarihi, ya kuma bar ɗaruruwan kaset-kaset da ya ɗauki hirarsa a kai, inda ake jin fushin da bai cika nunawa a dandamali ba.

Shugaba, in ka ba da izini, kafin a shiga tambayoyi za a sa mana West End Blues. Minti uku ne da 'yan kai. Ina roƙon na bayan zaure su yi shiru tun daga farko, domin busar buɗewa ba ta jiran kowa.